Gonata Mai Ragar Gola

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na iya rubuta ta.

Gab da Kofin Duniya, ina gadin wani filin ƙwallo a Doha, yayana ya kira. Ya ce za a raba tallafin taki a ƙaramar hukumarmu, amma sai kowa ya tura hotonsa cikin gona. Gonar gadonmu kuwa da sunana take.

Kwana uku ina tsoron yin ƙarya. Wata safiya ana yi wa ciyawar filin ban ruwa, sai ƙamshin damina ya kwashe ni, na ga kamar gero ke tsirowa. Na ce ai shuka shuka ce. Na tsuguna, abokin aikina Isiyaku mutumin Gana ya ɗauke ni hoto, yana cewa, "Yalla, maza, manomi, yi murmushi!"

Na tura wa Yaya hoton, ashe ragar gola ta fito a bayana. Jami'in rabon takin ya soke sunana, ya ce wa Yaya, "Mai gona irin wannan shi zai tallafa mana."

Har yau a Mansura, unguwarmu a nan Doha, tambayata ake ƙwallo buhu nawa na noma. Don Allah, wanda ya san yadda ake mayar da suna, ya sanar da ni kafin ruwa ya sauka. Yaya ya daina ɗaga wayata.