Mahaucin da Na Ɗauko a Ambursa

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar da muka yi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ba, ni da matata Hadiza da 'yarmu Saratu. Ko na so in manta ma, Hadiza ba za ta bari ba.

Saratu tana aji huɗu na firamare lokacin. Ciwon maƙogwaro ya yi ta zuwa yana komawa, sannan gwiwoyi suka ɗauka, daga baya ko tsallen igiya ta yi sai ta zauna tana haki. Likitan da ya duba ta ya daɗe da abin sauraro a ƙirjinta, ya ce yana jin wata ƙara da ba ta kwanta masa ba, wataƙila sai an kai ga tiyata. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana haka muka ji a rediyo cewa wani Farfesa, likitan tiyatar zuciya ɗan yankinmu da ya daɗe yana koyarwa a asibitin jami'a, zai zo Argungu ya duba yara. Bincikensa, in ji mai labarai, a kan yadda ciwon maƙogwaron da aka yi wa sakaci yake lalata 'yan ƙofofin zuciya ne. Na haddace bayanin nan tsaf (ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma ina da cutar son a san na sani). Da sassafe muka bar unguwarmu Badariya a tsohuwar motata.

A Ambursa wani dattijo ya tsayar da mu. Gajere ne, baƙi, siriri, da jamfar da ta sha wanki da takalmin roba, yana rungume da baƙar jaka. Ya ce Argungu za shi. Hadiza ta koma baya wajen Saratu, ya shiga gaba.

"Baba, mi as sana'a?" na tambaye shi bayan mun gaisa.

"Hiɗa nika yi, ɗana."

Fiɗa! Nan take na ba shi matsayinsa: mahauci ne, jakar nan kuma ta wuƙaƙe ce. Na san sarai ana cewa likitan fiɗa, har a aji nakan faɗa, amma takalmin roban nan ya rufe mini ƙwaƙwalwa. Ga Sallar layya ta matso, ga mahaucin unguwarmu ya huda mini fatar rago wuri uku bara.

"Baba, hannunka na da kyau dai ko?"

"To, ana yabawa. Abin da na yanka ina ƙoƙarin ɗinke shi yadda na ishe shi."

Na yi dariya har da dukan sitiyari. Mahauci da ɗinki! Na ce masa bana shi zai fiɗe mini rago, kai da ƙafa nasa ne. Ya yi godiya.

Da ya ji inda za mu, sai ya waiwaya ya dubi Saratu. "Ɗiyata, in kin kwanta matashi guda na isar ki, ko sai an ƙara miki? Ƙahwahunki na kumburi?"

"Baba, bar wanga ga masu ilimi," na ce (wallahi haka na ce). Daga nan na buɗe masa aji. Na gaya masa zuciya ɗakuna huɗu gare ta, kamar dai ta ragon da yake gani kullum. Na karanto masa binciken Farfesa kamar ni na rubuta. Da na ga yana gyaɗa kai, sai na ƙara gishiri, na ce ai ni da Farfesan mun zauna tabarma guda.

"Ashe! Yaya kamatai?"

"Dogo na, hwari, ga tumbi. Bai cika sakin huska ba."

"Allah Sarki," in ji shi, yana kallon shinkafar fadama ta taga. Hadiza ta zungure ni ta bayan kujera, na ɗauka gudu ne ya yi mata yawa.

Mun kusa shiga gari bakina ya mutu don kansa. Na hango Saratu ta madubi ta jingina da uwarta, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, kai da ka san wuƙa, ni wallahi tsoro nika ji. Ban son a buɗe ƙirjin ɗiyag ga." Ya ce wuƙa ba ta zuwa sai in babu wata hanya, in kwantar da hankalina. Na ji sanyi, har na ce a raina mahautan yanzu akwai hankali.

Muna tsayawa a ƙofar asibiti, sai ga mutane masu fararen riguna sun nufo motata da sauri. Na gyara hula (kada ka tambaye ni dalili). Suka wuce ni, suka buɗe ɗaya ƙofar, suna rige-rigen karɓar jakar wuƙaƙe.

"Barka da zuwa, Farfesa! Tun ɗazu muke neman wayarka."

Ashe wajen yayarsa ya sauka a Ambursa, ya tura motarsa gaba da kayan aiki tun asuba.

Hadiza ta leƙo ta tsakanin kujeru. "Malam, ga mahaucinka can ana rakawa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma kunyar ba ta kai tsoron ba: mutumin da na yi wa tayin kai da ƙafa, na yi masa ƙarya a kan idonsa, shi ne zai ce a yanka 'yata ko kada a yanka. Muka bi layi ina ɓuya a bayan wata mata mai goyo, har aka kira mu.

Bai ko dube ni ba. Ya kwantar da Saratu, ya shafa mata wani ruwa mai yauƙi a ƙirji, ya ɗora 'yar na'ura, sai ga zuciyarta tana motsi a allo. Ya daɗe yana kallo, yana nuna wa ɗalibansa wani wuri da yatsa. Ni kuwa na manta ɗakunan nan huɗu gaba ɗaya, addu'a kawai nake yi.

"Ƙohwa guda ta ɗan taɓu, amma kun zo da wuri," ya ce. "Wagga ba ta buƙatar wuƙata. Allura ta duk wata, kada a tsallake ko sau guda, kuma ku riƙa kawo ta ana dubawa."

Hadiza ta fashe da kuka. Ni kuwa na zauna a kujerar da ba a ba ni ba, ina ta alhamdu lillahi. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Malam, karatunka ya yi, ɗakuna huɗu na. Tumbin dai ad da saura. Zancen rago kuma yana nan, sai dai ni ban hiɗa sai an yi allurar barci."

Ɗaliban suka ƙunshe dariya, Hadiza ba ta ƙunshe ba.

Saratu tana shan allurarta tana tsine mata, ta koma tsallen igiyarta har sai an kwaɓe ta. Ragon kuwa, mai huda fatar nan na sake kira, ya huda wuri huɗu, na biya shi har da godiya. Yanzu duk wanda ya ce mini sana'arsa fiɗa, ko babu takalmi a ƙafarsa, sai na gyara zama na tambaye shi da ladabi: ta masu ƙafa huɗu, ko ta masu biyu?