Ranar da Surukina Ya Tura Babur

Ba rowa ce ta ja mini ba, tsabar wayo ne. Ranar nan na ɗauko surukina a babur zan kai shi ɗaurin aure Kende, kuma shi ne waliyyin ango.

Da muka zo gidan mai na Bagudo, sai ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ba ka shan mai nan?"

Na ce, "Baba, kuɗin mai yana ta sauka, amma na Kende ya fi araha. A tasha na ji." Har da 'yar dariyata ta masana.

A tsakiyar gonakin shinkafa babur ya yi tari sau biyu, ya mutu. Dattijon nan ya sauka. Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya kama turawa, ni kuwa ina riƙe da kan babur ina fatan ƙasa ta tsage.

Muka isa an shafa fatiha, ƙanensa ya karɓi auren. Man Kende kuwa a kwalba ake sayarwa, kuma bai ma ji labarin ragi ba.

Har yau in na je gaisuwa, sai ya gyara zama ya ce, "Malam, yau ina ne mai ya fi araha? In sa takalman tafiya?"