Yadda Ake Gwada Kwale-kwalen Teku a Garin da Babu Teku

Ɗan'uwa, in kana zaune a Minna kuma zuciyarka ta raya maka sayen kwale-kwalen teku, to ka faɗo hannun da ya dace. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin za ka koma gida da ɗayan biyu, ko jirgi ko hankali. Mai rabo ma yakan haɗa da ransa.

Kada ka tambaye ni ko na taɓa tuƙa jirgi. Wanzami ba ya son jarfa, amma shi ake kai wa fuska. Ilimina a bakin gaɓa na same shi, a ranin 2011, ranar da na raka maƙwabcina Sheshi, ɗan acaɓa a Barkin Sale, ina riƙe masa takalma.

Mataki na 1: Nemi dalili

Ba a sayen jirgi a kan tudu sai da ciwon zuciya. In ba ka da shi, nemi suruki.

Sheshi Banufe ne, iyayensa mutanen Bida, amma a Minna aka yanke masa cibi, kuma ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na kwatar Barkin Sale da damina. Sai Allah ya haɗa shi aure da Sakinatu, ɗiyar Baba Yisa na Muregi, can inda Kogin Kaduna ke zuba a Kogin Kwara. Baba Yisa mutum ne da ake cewa a cikin jirgi aka haife shi. Sauran surukansa duk masunta ne. In an taru da salla, da su yake hirar kifi da igiyar ruwa. In ya waiwayo kan Sheshi kuwa, sai ya tambaye shi ko har yanzu yana ɗaukar mutane a bayan ƙarfe. Bai taɓa kiran sa da sunansa ba, sai dai "mijin Sakinatu".

Abin ya daɗe yana cin Sheshi. Ga Sakinatu da tsohon ciki, shi kuma ba ya son a haifi ɗansa a tarar da ubansa abin dariya ne a gidan kakanni. Ka ga dalili ke nan. Ba sai ya yi ma'ana ba, ya dai yi zafi.

Mataki na 2: Zaɓi jirgi da ido, da kunne, da hanci

Je ka Shango, shagon Madam Felicia mai sayar da firji na gwanjo. Wani ƙaninta ne ya aiko mata da kaya daga Kwatano, aka tsinci jirgin a cikin kwantena, kwance tsakanin firji da injin wanki. Na roba ne, rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai, dogo siriri, da rami a tsakiya wanda bai fi bakin tulu ba. Shekara da shekaru yana jingine a bangon shagonta, kaji na kwana a ciki.

Kada ka nuna zumuɗi. Zagaya shi kana kaɗa kai. Ƙwanƙwasa cikinsa ka kara kunne kamar mai sayen kankana. Ba za ka gane komai ba, amma mai kaya za ta ɗauka ka gane. Leƙa ramin ka shinshina. In ka ji warin teku, jirgi na gaske ne. In ka ji kashin kaji, shi ma na gaske ne, kajin ne suka riga ka.

Tambayi amfanin ƙananan ramuka biyu masu murfi da ke gaba da baya. Madam Felicia ta ce wa Sheshi nan Bature ke zuba garinsa da sukari. Ta ƙara da cewa wannan jirgi ya ga ruwan da ya fi Jihar Neja girma, don haka kogi a wurinsa ruwan alwala ne.

Batun zaɓi kuwa, ka kwantar da hankalinka. Shi kaɗai ne a garin.

Mataki na 3: Kada ka biya sai ka gwada

Wannan ita ce dokar masana, kuma nan ne za ka nuna kai ba baƙo ba ne. Sheshi ba shi da kuɗin jirgi, abin da yake da shi babur ne, wanda da shi ake cin tuwo a gidansa. Madam Felicia ta ce ta yarda da musaya. Ta yarda kuma a je a gwada a ruwa, amma da sharaɗi, ta faɗa da irin Hausarta:

"Oga Sheshi, idan jirgi ta fashe, ka saya ke nan. Mashin ya zama nawa."

Sheshi ya amsa, ya bar babur a shagonta, ta sa makullin a jaka. Ka lura, mai hikima yakan shawarci matarsa kafin ya jinginar da abincin gida. Mai bin wannan jagora ba ya yi.

Mataki na 4: Gwaji a ɓoye ake yi

Zaɓi ranar da ba kowa, wurin da ba a san ka ba. Mun zaɓi Zungeru, bakin Kogin Kaduna, da rani, lokacin da ruwa ya ja baya duwatsu suka fito. Shirin Sheshi shi ne ya koya a asirce, sannan da babbar salla ya bayyana a Muregi a cikin jirgin Bature.

Sai dai ka tabbata surukinka ba ya gari. A safiyar ranar Baba Yisa ya sauka Minna duba 'yarsa, da kwandon busasshen kifi. Ya tarar da mu a ƙofar gida muna ɗaure jirgi a saman wata tsohuwar bas. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi Sakinatu ko wani dogon mutum ne ya rasu a unguwa. Ita ma a lokacin ta fara ganin abin. Ta dubi mijinta, ta dubi inda babur ke kwana, ba ta ce uffan ba, ta koma ciki. In matarka ta yi irin wannan shirun, ɗan'uwa, ruwan Kaduna ya fi maka sauƙi.

Da Baba Yisa ya ji jirgi ne za a gwada, bai jira gayyata ba. Ya tattara babbar rigarsa ya shige gaban mota. Madam Felicia ma ta biyo mu da jakarta, don a yi gwajin a kan idonta.

Mataki na 5: Jure wa hanya

Daga Bosso har Maikunkele mutane za su tsaya suna kallon ku. Wasu za su cire hula su yi addu'a. Ka amsa da amin, kada ka tsaya bayani. Addu'a ba ta yawa ga mai zuwa ruwa.

Mataki na 6: Sa kayan aiki

Jirgin yana zuwa da filafili mai baki biyu, wato abin tuƙi, da kuma wani siket na baƙar roba da mai tuƙi ke ɗaurawa a ƙugu, a maƙala bakinsa a ramin don kada ruwa ya shiga. Rigar da ke hana nutsewa kam, Madam Felicia ta ce tun bara ta yi wa karenta shimfiɗa da ita.

Cire takalma ka ba amintacce. Sa siket ɗin. E, a gaban surukinka. Sheshi ya tsaya a kan yashi da singileti da siket, ƙafafu kamar na balbela. Baba Yisa ya juya filafilin sama da ƙasa, ya ce lallai Bature bai yarda da kansa ba, shi ya sa ya yi wa abin tuƙinsa baki biyu, in ɗaya ya yi ƙarya ɗaya ya gyara.

Mataki na 7: Shiga, tuƙa, kife

Ana shiga ne da ƙafa, a miƙe su gaba kamar mai jiran wankan gawa. Kada ka bari wannan tunanin ya zauna maka.

Ni da direba muka tura shi. Sheshi ya sa filafili dama, jirgi ya yi hagu. Ya sa hagu, ya yi dama. Ya sa da ƙarfi, jirgi ya shiga juyawa wuri ɗaya kamar akuya a turke. Masana suna kiran wannan duba jirgi ta kowane ɓangare. Matan da ke wanki a kan duwatsu suka ajiye sabulu suka gyara zama.

Daga nan sai ya tuna sana'arsa. Ya ga dutse a gabansa, ya kwantar da jiki gefe yadda ake shan kwana da babur. Jirgi ya bi shi da biyayya har ƙasa.

In ka kife, kada ka firgita, ka zama siriri. Sheshi ya sulluɓe daga ramin kamar tarwaɗa, ya miƙe yana tari, sai ga ruwa iya ƙugunsa. Baba Yisa ya yi dariya har ya zauna a yashi, yana share hawaye da hannun riga. Ni na ga fuskar Sheshi a lokacin, kuma ban yi dariya ba. Mutum ne da ya sa abincin gidansa a caca don a kira sunansa sau ɗaya.

Mataki na 8: Bar gwani ya taɓa

Baba Yisa ya miƙe ya ce a matsa a ga yadda ake yi. Abin da ba mu sani ba, tun da ya sayi jirage masu inji ya ɗauki masu tuƙa masa, rabonsa da filafili an daɗe, kuma arziki ya zauna masa a tumbi. Siket dai ya ce ko a mafarki. Ya tuɓe babbar riga, ya zura ƙafafu, muka danna shi ta kafaɗa har ya shige ramin kamar toshiyar kwalba.

Gaskiya dattijon ya iya ruwa. Bugu kaɗan ya yi, jirgi ya miƙe sak kamar kibiya, ya wuce duwatsu ya nufi inda ruwa ya yi duhu. Matan wanki suka yi guɗa. Guɗar ce ta jawo. Ya juyo da dukan jikinsa, ya ɗaga filafili sama don ya yi wa Sheshi bayani, sai muka ga jirgi ya kife, rawayan cikinsa yana kallon rana.

Muka jira ya fito. Bai fito ba. Jirgin na girgiza, hannu ɗaya na dukan ruwa ta gefe.

Ni ina riƙe da takalma, kuma amana amana ce. Direba ya ce shi mutumin Kwantagora ne, ba abin da ya haɗa shi da iyo. Sheshi kuwa da siket ɗinsa ya faɗa ruwa. Ruwan ya kai masa ƙirji, ya kai wuya, sannan muka daina ganin kansa. Ya ɓullo, ya nutse, ya sake ɓullowa, har ya cafki igiyar da ke wutsiyar jirgin. Ya dinga taka duwatsun ƙasa yana ja, yana shan Kaduna, har ƙafarsa ta samu tudu. Nan ya sa kafaɗa ya birkito jirgin, ya maka shi a kan dutse, muka ji ƙarar roba ta tsage. Baba Yisa ya bayyana, ba hula, yana aman ruwa.

Sai da muka taru har da matan wanki kafin muka zare shi daga ramin.

Mataki na 9: Yanke shawara

Bayan gwaji, mai saye yakan zauna ya auna. A nan babu abin aunawa. Madam Felicia ta duba tsagar da ke gefen jirgi, ta buɗe jaka ta taɓa makullin babur, ta rufe.

Baba Yisa yana zaune a kan dutse, lulluɓe da babbar rigarsa, yana rawar ɗari. Sheshi ya durƙusa a gefensa yana yi masa sannu. Dattijon ya dube shi ya ce:

"Sheshi, ka iya iyo?"

"A'a, Baba."

"To me ya kai ka?"

"Baba, in na koma gida Sakinatu za ta tambaye ni inda na baro ku."

Baba Yisa ya kawar da kai wajen kogi. Can ya kira Madam Felicia, ya ce mata shi ya shiga jirgi, shi ya fasa, shi zai saya, ta mayar wa ɗansa makullinsa. Ya ce zai ɗora mata da kifi duk wata, muddin abin da ya faru a Zungeru ya tsaya a Zungeru. Ta ce ita ba ta ga komai ba, rana ce ta shiga idonta. Direba ya rantse. Matan wanki aka saya musu sabulu. Ni ne kawai ba wanda ya tuna ya roƙa, don mai riƙon takalma ba a lissafa shi cikin shaidu.

Jirgin bai je Muregi ba, Baba ya ce ko hotonsa kada ya gani. Yana nan bayan ɗakin Sheshi. Sakinatu ta cika shi da ƙasa ta shuka alayyafo, kuma sai da ta girbe shi karo na farko kafin ta daina gaishe da mijinta da gyaɗa kai kawai.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko surukinka, ko babur ɗinka. Wanda ya kife, shi ya kwanta gefe. Wanda ya maƙale, shi ya ci tuwon. In ka sha ruwa ka ƙoshi, kada ka zo mini da ƙorafi, ban ce ka buɗe baki ba. In kuma wani mutumin Muregi ya karanta wannan, to ya sani Baba Yisa da yawa ne a ƙasar Nufe, kuma wanda nake nufi bai taɓa zuwa Zungeru ba.