Ɗantani da Ɗaurin Majanyi

A ƙauyen Tungar Gawo an yi wani bawan Allah wai shi Ɗantani. Ba mugu ba ne, amma in ka ce masa ya tsaya nan, to nan za ka tarar da shi ko ruwan sama ake yi. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Delu, da ɗansu Isuhu mai shekara guda. Tun da aka haifi yaron nan kishi ke cin Ɗantani. Da, in ya dawo daga gona Delu na tarbarsa da ruwan sanyi. Yanzu kuwa sai ya gaji da sallama kafin a ɗaga kai a dube shi.

Ana nan sai ruwan nonon Delu ya ragu. Isuhu ko kunu ba ya karɓa, duk ya rame. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Ɗantani, ta ce in nono bai dawo ba kafin wata ya mutu, za ta tafi da yaron gidanta ta yaye shi. Delu ta yi ta kuka. Ɗantani kuwa, Allah ya yafe masa, daɗi ya kashe shi.

Wata rana Gwaggo ta ce, "Wahala ce ta yi mata yawa. Kada ka bari ta ɗauki abu mai nauyi." Ɗantani ya ɗaga tulu, ya ɗaga Isuhu, ya ji yaron ma ba baya ba. Nan take ya ƙwace shi ya ajiye a tabarma.

"Malam, ba ni shi ya sha," in ji Delu.

"Ina! Yana da nauyi."

Yaro ya yini yana tsala ihu har maƙwabta suka leƙo.

Wata rana Gwaggo ta ce, "Ka yanka mata kaza. Abin da uwa ta ci, cikin ɗa yake zuwa." Ɗantani ya ce a ransa, to mene ne na zagaye? Da kaza ta dahu ya tura wa Isuhu cinya a baki, Delu na kallo tana haɗiyar yawu. Yaro ya tofar. Gogan naka ya cinye kazar tas, wai kada ta lalace.

Wata rana ya kai ƙara wurin Gwaggo. "Komai Isuhu, komai Isuhu! Ko kallona ba ta yi."

Gwaggo ta ƙufula. "Kai dai ka cika sakarai. To ka ɗaure su tare mana, ka huta!"

Ya koma gida yana huci, ya ɗauko majanyin goyo ya ɗaure uwa da ɗa ƙirji da ƙirji, irin ƙullin da yake wa kayan jaki. In ta kwance don alwala da salla, yana tsaye da majanyi yana jira. Delu ba daka, ba ɗiban ruwa. Da yunwa ta ishe shi, shi ya kama taɓarya, shi ya dama kunun gyaɗa, yana yi yana gunaguni. Ita kuwa tana zaune tana shan kunu, yaro na tsotso duk sanda ya ga dama.

Ranar da wata ya mutu Gwaggo ta zo da zanen goyonta. Ta tarar gaban rigar Delu ya jiƙe sharkaf, Isuhu na haɗiya ƙwat-ƙwat, kumatu sun fara dawowa.

"Ikon Allah! Wa ya ba ku wannan dabara?"

"Ke ce, Gwaggo," in ji Ɗantani.

Ta naɗe zanenta tana dariya. "To yaye kuma sai baɗi in Allah ya kai mu."

Ɗantani ya zauna daɓas a kan turmi. "Wato da hannuna na ƙulla masa wata shekara a jikinta?" Ya daɗe yana hararar yaron, sannan ya ce, "To Gwaggo, in ya ƙoshi, ni ma a ɗaure ni."