Saƙon Muryar da Na Tura wa Iyaye

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Larabar nan ba, ko da kuwa na so. Shekarar korona ce, an rufe makarantu, ga harbe-harben da ke tashi a unguwarmu ta PK5 ba sallama. Malamar ajin ɗiyata Sadiya, Madam Hawa, ta buɗe wa iyaye guruf a waya. Ƙarfe takwas take kiran suna, kowane yaro ya amsa da muryarsa, sannan ta turo darasi.

Ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Asuba na yi zan tashi yarana, wanka, koko, kayan lekol, wato na makaranta, har da safa (a tsakar gida fa, inda ba mai ganinsu sai kaji). Na rubuta jadawali na manna a ƙofar kicin. Mijina yakan ce, "Maman Sadiya, gidan nan ya koma bariki." Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce tsoro ke cina. In yara suna kan kaye, littattafansu na aji, suna rubutu, ba na jin ƙarar bindiga sosai.

Sai girman kai ya shigo. Na fara ƙirga 'ya'yan wa ke makara.

Akwai Rukayya, ƙawar Sadiya, 'yar unguwar Yakité. Kwana huɗu Madam na kiran sunanta, shiru. A rana ta biyar, Larabar nan, na danna wayar na soma wa'azi, minti uku cur. Na ce wasu iyaye barci ya fi musu 'ya'yansu. Na ce rikici ba hujja ba ce, mu ma a cikinsa muke. Har na kama suna: "Maman Rukayya, ki ji tsoron Allah, ki tashi yarinyar nan da safe!" (Na saurari kaina sau biyu bayan na tura, ina jin daɗin yadda na tsara magana.)

Can wajen azahar saƙo ya shigo daga wata baƙuwar lamba. Muryar Maman Rukayya ce, a dishe.

"Salamu alaikum, iyaye. Ku yi haƙuri da rashin Rukayya. Wayar da take karatu da ita ta babanta ce, tana aljihunsa ranar Alhamis da ya fita buɗe shago a Titin Koudoukou. Jiya aka gano shi. An yi jana'iza da safe."

Lokacin da nake zuba wa'azina, ana ɗauke da shi zuwa makabarta.

Na rasa inda zan sa kaina. Na goge saƙon, amma kowa ya riga ya ji. Sadiya ta dube ni ta ce da Sango, harshen da take komawa in ranta ya ɓaci, "Mama, me ya sa?"

Washegari na ja ƙafa zuwa gaisuwa, na lulluɓe fuska kamar ɓarauniya. Na durƙusa gaban Maman Rukayya. Ita ce ta kama hannuna.

"Maman Sadiya, ai ba ƙarya kika yi ba. Ban iya tashinta ba. Shi ne mai tashinta kullum, ya ɗaura mata ɗankwali a karkace, ya riƙe mata wayar." Ta share ido. "In ba damuwa, bayan addu'ar bakwai ta riƙa zuwa gidanki? An ce ke kin iya tsari."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Rukayya ta yi wata uku tana karatu a tabarmarmu. Wani lokaci takan ajiye biro ta yi shiru tana kallon ƙofa, ni kuma mai dokar "ba hutu sai goma" sai in zauna kusa da ita, mu yi shirun tare.

Har yau ina tashin yara da asuba, ban fasa ba. Amma in na ji wani gida shiru, "lafiya kuwa?" nake fara tambaya. Ashe kalma biyu ce kawai, ni da na iya magana ta minti uku ban san da su ba.