Rasuwar Kaskon Turaren Malam Mijinyawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da kewa, iyalan Malam Mijinyawa tela na kartiyen Lazaret a Yamai suna sanar da ƴan'uwa da abokan arziki rasuwar kaskon turaren wutarsa, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Litinin da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayin haifaffen Boubon ne, ɗan gidan masu ginin tukwane. Kowa ya san Malam in ya ajiye almakashi littafin soyayya yake rubutawa, wanda ake karantawa a radiyo duk Juma'a. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, bik ɗin da yake rubutu da shi ba ya motsi sai marigayi ya fara hayaƙi. In saurayi zai je zance, sandal ake zuba masa. In mutuwa za a yi, luban. Ranar da labari ya kai ga girkin biki har albasa aka ɗora masa, ya karɓa bai ce uffan ba. Mai haƙuri ne, marar yawan magana. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa shi ne "tas-tas" in gawayi ya kama, sai "cuuu" in ƙaro ya narke.

Ajali ya same shi a babin ƙarshe. Malam yana so masoyan da ke cikin littafin, Faisal da Salima, su yi faɗa mai zafi kafin su shirya, ya duba kwalaben turarensa kaf bai samu ƙamshin fushi ba. Matarsa Rabi ta hana, ta ƙara hanawa, amma ya faki idonta ya watsa wa marigayi busasshen barkono. Tsakani da Allah faɗan ya rubutu, har Salima ta haɗa kayanta. Sai atishawa ta zo, gwiwar hannu ta ture marigayi daga kan tebur, ya rabu gida huɗu. Maƙwabta sun zubar da hawaye sosai, ko da yake barkonon ma ya taimaka.

Ya bar mafici ɗaya, cokali marar mariƙi, kwalabe tara, da Malam kansa, wanda tun ranar yake zaune gaban kayensa na rubutu yana shinshinar iska. An kawo masa na lantarki daga kasuwa, ya shaƙa sau ɗaya ya ce wannan hayaƙin ba labari a cikinsa.

Za a kai marigayi makwancinsa gobe Laraba bayan la'asar, gindin mangwaro a garkar ƙanen Malam a Goudel. Zaman gaisuwa a shago ne. Ana roƙon masu zuwa, don Allah, su turara tufafinsu da kyau, su zauna ta inda iska ke kaɗowa, kuma kada su yi saurin tashi. Juma'a ta matso, har yanzu Salima tana tsaye bakin ƙofa da akwati a ka.