Rasuwar Rikodar Malam Abdulkarim

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Hajiya Sabuwa mai koko ta unguwar Nima ke sanar da 'yan'uwa rasuwar rikodarta. Ranar Talata labarin ya iske ta, tana bakin tukunya. Ziblim mai gyara ya aiko daga Maamobi cewa rai ya yi halinsa, kaset ɗin da ke cikinta kuma ya dagargaje, ba ya haɗuwa.

Marigayiyar ta shekara ashirin da shida a gidan. Mijin Hajiya, marigayi Malam Abdulkarim, ya san karatun matarsa bai yi nisa ba. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya ɗauko tsofaffin littattafansa na ajami, waƙoƙin malaman dauri da labaran fataken goro, ya karance su cikin kaset goma sha biyu. Ya bar wasiyya: shafi ɗaya kullum bayan asuba, ba tsallake, ba leƙen gaba.

Marigayiyar ba ta taɓa saɓa lokaci ba. Ta ce ƙyas, ta ce shuuu, sai Malam ya gyara murya. Ba ta gulma, ba ta raina batirin da aka shanya a rana.

Ciwon ajalinta ya taso a kaset na ƙarshe. Murya ta riƙa ja, tana nauyi. Hajiya ta zaci jikin Malam ne, don ta san a makonsa na ƙarshe ya ɗauki wannan karatun. Kwana tara tana kuka tana yi masa sannu, ashe rikodar ce ke tauna zaren. Hajiya ta ce a rubuta wannan kamar yadda yake: da ta kai ta gyara da wuri, da muryar ta tsira.

Ta rasu ta bar kaset goma sha ɗaya, da shafi goma sha tara da Hajiya ba za ta ji daga bakin Malam ba har abada.

Za a miƙa gawar ga 'yan gwangwan na Old Fadama ranar Juma'a bayan la'asar. Ba sadakar uku, ba ta bakwai. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo mata waya a madadi. Wanda ya iya ajami ya zo da safe, amma shafi ɗaya zai karanta.

Kafin a samu, kullum Hajiya na buɗe littafin inda tsinken tsintsiyar da take alamar shafi da shi ya tsaya, ta dubi baƙaƙen, ta rufe ba ta matsar da shi ba.